Kwaɗon da ke zaune a ƙarƙashin kurmin Nosy Be

Duk mai aikin ƙasa a Kano, magini ne ko mai haƙar rijiya ko irina mai rainon dashen itatuwa, ya san kwaɗo na shiga ƙasa. Ka kafta diga a gindin bishiya cikin watan Maris, lokacin da zafin bazara ke dukan ƙeya, sai ka ɗago shi da ransa, ya dunƙule, ido a lumshe, ƙasa ta manne masa a baya. Dalilin ma a fili yake. Daga ƙarshen Oktoba har cikin Afrilu da wuya sama ta ba mu ko ɗigo. Kwaɗo kuwa ba ya shan ruwa da baki, ta fatar cikinsa yake tsotsarsa, ta fatar nan kuma ruwan ke tsere masa idan iska ta bushe. In bai nutse ƙasa ba, hunturu kaɗai ya isa ya busar da shi tun bazara ba ta iso ba.

Shi ya sa da na ci karo da labarin wani kwaɗo mai zaman rami a wurin da ruwan sama ke haura milimita 2000 a shekara, ninki biyu ko fiye na abin da Kano ke samu a matsakaiciyar damina, na kasa wuce shi. Me ya kai shi ƙasa, alhali babu rani irin namu da zai gudar wa? Na daɗe ina koyar da darasin aikin gona a sakandare kafin in ajiye alli in koma lambu, kuma har yau in tambaya ta tsaya min a rai ba na samun sukuni sai na bi ta.

Masana suna kiransa Rhombophryne testudo. Gidansa tsibirin Nosy Be, mai faɗin murabba'in kilomita 320 ko kusa da haka, kimanin kilomita 8 daga gaɓar arewa maso yammacin Madagaska. Ana samunsa kuma a Nosy Komba, wani ɗan tsibiri da ke maƙwabtaka. Madagaska ita kanta tsibiri ce, ta huɗu a girma a duniya, a tekun Indiya daura da Mozambik. Yau an fi sanin Nosy Be da 'yan yawon buɗe ido da gonakin ylang-ylang, itacen da ake tatsar man turare daga furensa, an kuma daɗe ana noman rake a can tun zamanin Faransawa. Noma da gine-gine sun cinye kusan duk kurmin asali. Babban abin da ya saura shi ne Lokobe, a kusurwar kudu maso gabas, wanda aka killace tun 1927, kuma faɗinsa bai kai hekta 1000 ba. A nan ne bishiyoyi ke haɗa kai a sama har rana ba ta sauka ƙasa sosai, ganye yana zuba yana ruɓewa bisa wanda ya riga shi, ƙasar ƙarƙashinsa kuma tana nan da danshi ko a watannin da ruwa ya ja baya.

In ka ga hotonsa ba za ka ce ɗan'uwan kwaɗin da ke tsalle a bakin lambatu ba ne. Tsawonsa santimita 3 zuwa 4 da 'yar ɗoriya, jikin a cure kamar curin fura, kan gajere mai faɗi, wuya babu. Idanun 'yan mitsi-mitsi ne, ƙafafun gajeru masu kauri. Tsakanin yatsunsa babu fatar iyo, a ƙarshensu kuma babu faifan mannewa irin na kwaɗin da ke hawa bishiya. Launinsa ruwan ƙasa ne mai sirkin ja, fatar da ƙuraje-ƙuraje, ta yadda in ya kwanta cikin ruɓaɓɓen ganye sai ka taka shi ba ka sani ba. A leɓensa na ƙasa akwai wasu 'yan tsiron fata a jere, abin da ba kasafai ake gani a jikin kwaɗo ba. Duk wanda ya san dabba zai karanta sana'arsa a jikinsa: ba mai iyo ba ne, ba mai hawa ba, ba mai dogon tsalle ba. An yi shi ne don ya kutsa cikin ƙasa mai laushi ya zauna.

Wanda ya fara bayyana shi a rubuce shi ne Oskar Boettger, masanin dabbobi na gidan adana halittu na Senckenberg da ke Frankfurt a Jamus, a 1880. Labarin mutumin nan ya taɓa ni. A lokacin ko ƙofar gida ba ya iya fita, domin wata larura ta tsoron fita fili ta tsare shi a gida daga 1876 zuwa 1894. Sai dai a kawo masa halittun cikin kwalabe, an jiƙa su da ruwan da ke hana ruɓewa. Wasu Jamusawa mazauna Nosy Be, cikinsu har da Anton Stumpff, su ke tattarawa suna aikowa ta jirgin ruwa, shi kuma yana zaune a ɗakinsa yana aunawa, yana ƙirga haƙora da yatsu, yana rubutawa. A 1881 ya sa wa wani rukunin ƙananan kwaɗi sunan Stumpff ɗin nan, Stumpffia. A 1893 kuma ya bayyana wata hawainiya ta Nosy Be, Brookesia minima, wadda ke cikin mafiya ƙanƙanta a duniya. Aiki ne na haƙuri, kuma sunayen da ya sa suna nan ana amfani da su har gobe.

To amma kwaɗon kwalba ba ya kuka, ba ya haihuwa. Yadda yake rayuwa sai da mutane suka je suka durƙusa a cikin kurmin. Abin da suka tarar shi ne, yawancin lokaci ba a ganinsa sam. Sai hadari ya haɗu, ana gab da ruwa mai ƙarfi ko ana cikinsa, mazan su fara kira daga inda suke ɓoye ƙarƙashin ganye, da murya mai kauri wadda ke da wuyar gane ta ina take fitowa. Mai bincike zai tsaya cikin ruwa yana kasa kunne, ya matsa taki biyu, a yi shiru, ya jira, a sake. In ya yi sa'a ya gane wurin, sai ya sa hannu yana yaye ganye yana tonon ƙasa a hankali. Wanda ya je Lokobe ranar da babu hadari zai iya zaga dajin ya ga baƙin lemur, wannan dangin birin da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa dominsa, ya ga hawainiya da maciji, ya koma gida yana rantsuwa babu wani kwaɗo a wurin.

Amsar tambayata tana wajen haihuwarsa. Kwaɗin da muka saba da su suna zuba ƙwai a ruwa, ɗaruruwa ko dubbai, su yi tafiyarsu. Ƙwan ya ƙyanƙyashe talibambam mai jela, ya yi ta iyo yana cin gansakuka har ƙafafu su fito. Mafi yawansu ba sa kai labari, kifi da tsuntsu da ƙwarin ruwa sun cinye, wasu kuma ruwan ya ƙafe ya bar su. Shi kuwa kwaɗon Nosy Be daga wani dangi ya fito da ake kira Cophylinae, wanda babu shi ko'ina a duniya sai Madagaska, kuma dangin nan sun bi wata hanya dabam. Ƙwansu kaɗan ne amma manya, cike da gwaiduwa. Talibambam ɗinsu ba ya cin komai, gwaiduwar nan ce guzurinsa har ya zama cikakken kwaɗo. Tun da ba ya kiwo, ba ya buƙatar tafki. Wasu cikin dangin suna ajiye ƙwai a kogon bishiya da ruwa ya taru a ciki, wasu a hammatar ganye. Stumpffia pygmaea, wani ɗan mitsitsi da ke zaune a Nosy Be ɗin nan wanda tsawonsa bai fi santimita 1 da kaɗan ba, kumfa yake yi cikin ganyen ƙasa a zuba ƙwan a ciki. A jinsuna da dama kuma uban yana zama tare da ƙwan yana tsaro. A shekarun 1990 masu bincike a Nosy Be suka tarar da manyan Rhombophryne testudo tare da ƙananan 'ya'ya a rami ɗaya, ƙarƙashin dutse.

Ashe ba rani yake gudu ba. Ramin shi ne ɗakin kwanansa, shi ne ɗakin haihuwa, abincinsa na ƙananan ƙwari kuma yana nan cikin ganyen da ke rufe da shi. Tsuntsu ba ya ganinsa, kifi ba ya kai wa ga 'ya'yansa, danshi ba ya yanke masa. Namu suna shiga ƙasa ne su jira damina. Shi duk rayuwarsa tana cikin wannan tafin hannu ɗaya ko biyu na ƙasa mai laima da ke ƙarƙashin bishiyoyi. Ni dai da na fahimci haka sai da na ajiye waya na yi tasbihi.

Mu ma fa muna da namu masu ban mamaki, sai dai ba mu tsayawa mu duba. Wata rana a farkon damina muna juya tarin ƙasa da taki da za mu ɗura a ledojin dashe, can kusa da rijiya inda ruwan ban-ruwa ke tsiyaya, sai yaron da ke taya ni aiki ya ja da baya ya ɗaga shebur.

"Malam, ga wani abu nan, ko kwaɗo ne ko mene ne. In buge shi?"

Na ce, "Kul, ɗana. Ajiye shebur ɗin, zo ka gani."

Na ɗauko shi a tafin hannu. Ɗan ƙarami ne, bai kai tsawon babban yatsana ba, jiki a kumbure, santsi gare shi, launin ƙasa da ɗigo-ɗigon rawaya. Kan nan ɗan ƙarami, hanci a tsine, da na taɓa shi da farce sai na ji tauri. A bayan idanun akwai wata 'yar tattara da ta ratsa kan. Na sauke shi a kan ƙasar da muka juya. Bai yi tsalle ba. Ya sunkuyar da hancin ya soka, hannuwan gaba suna yaye ƙasa gefe da gefe, ƙafafun baya suna turawa, kafin yaron ya gama cewa "Ikon Allah" sai ɗan gurbi kawai ya rage.

Wannan shi ne wanda masana ke kira Hemisus marmoratus, kwaɗo mai hancin haƙa, kuma yana ko'ina a ƙasashen ciyawa na Afirka, har da namu. Yawancin kwaɗi masu haƙa da baya-baya suke shiga. Suna da wani tauri a gefen dunduniyar ƙafar baya, da shi suke share ƙasa suna nutsewa, ido na kallon sama har ƙasa ta rufe su. Masu shiga da kai kaɗan ne a duniya, shi kuwa yana cikinsu. Abincinsa gara da tururuwa, don haka a lambu irin nawa, inda gara ke cinye saiwar dashen mangwaro dare ɗaya, ma'aikaci ne da ba na biya. Macen tana haƙa ɗan ɗaki a ƙasa kusa da inda ruwa zai taru, ta zuba ƙwai, ta zauna a kansu. In sun ƙyanƙyashe, ko dai ruwa ya taso ya iske su, ko ta haƙa musu hanya zuwa gare shi.

Na gaya wa yaron hadisin da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana kashe shi. Ya ce ya taɓa ji a islamiyya. Yara da yawa sun ji, amma je ka bakin kududdufi bayan ruwan farko ka ga abin da ake yi da duwatsu da danƙo. Abin yana ci min rai, kuma laifin namu ne manya da muke wucewa ba mu tsawatar.

Bududdugi ma, wannan ƙaton da ke bayyana da saukar ruwa, mazaunin ƙasa ne. In rani ya kawo kai sai ya nutse da baya, ya tara ruwa a mafitsara, fatarsa ta riƙa saɓulewa tana taruwa a jikinsa ɓawo bisa ɓawo har ta rufe shi, hanci kaɗai a buɗe. Bugun zuciya da numfashi su ragu, ya kwanta wata da watanni. Ruwa mai ƙarfi na farko ya jiƙa ɓawon, ya fito. Muna yara cewa muke kwaɗi daga sama suke faɗowa tare da ruwa, don da yamma babu ko ɗaya, da daddare unguwa ta ɗauka. A ƙarƙashin ƙafafunmu suke tun bara.

Abin lura shi ne namu suna buƙatar abu biyu. Suna son ƙasar da za ta haƙu, suna kuma son ruwan da zai kwanta na wasu makonni har talibambam ya yi ƙafa. Birnin Kano ya daɗe yana ba su duka biyun ba da niyya ba. Ganuwa da gidajen ƙasa na cikin gari daga ramuka aka ɗebo jar ƙasarsu, ramukan suka zama kududdufai, kusan kowace unguwa da nata. Su ke shanye ruwan Agusta kafin ya shiga ɗakunan mutane. Ba zan ce tsafta gare su ba, wanda ya tashi kusa da ɗaya ya san wari da sauro da fargabar faɗawar yaro. Amma yadda aka bi da su, a yi ta zuba shara har su cike, a daddaɓe, a yanka filoti, ya bar ruwan ba shi da masauki, kuma muna ganin sakamakon duk damina a lunguna da kasuwanni. Tsakar gida kuma da a da ƙasa ce ake sharewa da tsintsiya, yanzu daga bakin ƙofa har jikin katanga siminti ne ko intalok. Kwaɗon da ya shiga ƙasa a Oktoba, aka zuba kankare a kansa a Janairu, babu ruwan da zai tashe shi. A unguwarmu dattawa da kansu suke faɗa, kukan kwaɗin damina bai kai na da ba.

Na Nosy Be abu ɗaya tak yake buƙata, ƙasa mai laima a inuwar kurmi, amma abin nan ba shi da madadi. Namu in wannan kududdufi ya cike, mai rabo zai iya kai wa ga wani, kuma jikinsa ya san jira. Shi bai san jira ba, don bai taɓa buƙatarsa ba. Ranar da aka sare bishiyoyin da ke kansa, rana ta sauka kan ganyen, cikin kwanaki kaɗan laimar ta tafi, ruwan sama na gaba kuma ya wanke ƙasar saman ya gangara da ita. Da waɗannan gajerun ƙafafu ba zai ratsa gonar rake ya nemi wani kurmi ba, bayan gonar ma teku ce. Shi ya sa ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, ta sa shi a ciki.

Matsalar ta game Madagaska duka. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna ƙasar ta rasa kashi 44 cikin 100 na dazuzzukanta na asali tsakanin 1953 da 2014. Babban dalili shi ne noman da suke kira tavy, a sare daji a ƙone a shuka shinkafar tudu, in ƙasa ta gaji a matsa gaba, sai kuma gawayi da katako. Ba na iya zagin manomin da ke yin haka. Madagaska na cikin ƙasashe mafiya talauci a duniya, mutum ne da iyali a gabansa, kuma mu da motocin gawayi da itacen girki ke shigo wa gari kullum ba mu da bakin magana. Ga wasu masifun a kai. A 2014 aka ba da rahoton wani kwaɗo mai dafi ɗan Asiya ya bazu a kewayen Toamasina, babbar tashar jiragen ruwan ƙasar, yana kashe macizai da sauran dabbobin da suka haɗiye shi. A 2015 kuma aka ba da rahoton ganin wata fumfuna mai kama fatar kwaɗi, wadda ta hallaka jinsuna da yawa a Amurka ta Tsakiya da Ostireliya. A duniya baki ɗaya, ƙididdigar 2023 da ta duba jinsuna fiye da 8000 na kwaɗi da danginsu ta gano kashi 41 cikin 100 suna fuskantar barazanar ƙarewa. Babu wani rukuni na dabbobi masu ƙashin baya da ya kai su shiga haɗari.

Abin da ya fi tsaya min shi ne, mazauna ƙasa su ne na ƙarshe da ake ƙirgawa. A 2009 jinsunan kwaɗin Madagaska da aka bai wa suna 244 ne, kuma binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a shekarar ya nuna na gaskiya za su iya kai wa tsakanin 373 da 465. Yau waɗanda aka sa wa suna sun haura 400, kusan dukkansu babu su a wata ƙasa. Rukunin Rhombophryne da Boettger ya buɗe da jinsin kwaɗo ɗaya yanzu ya kai wajen jinsuna 20, da yawansu a 'yan shekarun nan aka bayyana su. Wasu masanan kwaɗi biyu, Frank Glaw da Miguel Vences, sun shafe shekaru fiye da 30 suna wannan aiki. Wani masanin, Mark Scherz, ya riƙa sa kwaɗin a na'urar ɗaukar hoton ƙashi yana bambance su ta ƙasusuwan kai da kafaɗa, shi ne ya bayyana Rhombophryne ellae daga dutsen Montagne d'Ambre na arewacin Madagaska a 2020. Wadda ta fi burge ni ita ce Andolalao Rakotoarison, 'yar ƙasar ta Madagaska, wadda ta jagoranci aikin da ya bayyana sabbin jinsunan Stumpffia 26 a lokaci guda a 2017. Da yawa cikin irin waɗannan kwaɗi a dutse ɗaya ko kurmi ɗaya kawai aka san su. In wuta ta riga mai bincike isa wurin, shi ke nan, an rasa halittar da ba a ma san da ita ba.

Ina so in ga 'ya'yanmu suna yin irin aikin baiwar Allahn nan a nan gida. Muna da ɗaliban nazarin halittu a Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun jihar, kuma aikin ba ya cin kuɗi kamar yadda ake zato. Kowane jinsin kwaɗo da irin kukansa, don haka wayar hannu da tocila da takalmin roba sun isa a fara. A je bakin kududdufan da suka rage a cikin gari, a je fadamun Challawa da bakin madatsar Tiga bayan ruwan farko, a naɗi murya, a ɗauki hoto, a rubuta rana da wuri. In aka yi haka damina bayan damina za a san wa ke nan, wa ya ragu, wa ya tafi. Ana kama kwaɗi a Arewa ana busarwa ana kai su kasuwannin Kudu, wannan ma ya isa dalilin a san yawan abin da ake ɗiba.

A lambu dai na sa doka. In aka tono kwaɗo cikin rani, ba a jefa shi rana, ba a kuma jefa shi cikin rijiya ko lambatu da sunan taimako. A nemi inuwa inda ƙasa ke da laushi da ɗan danshi, a haƙa daidai zurfin da aka same shi, a sa shi, a rufe da sako-sakon ƙasa ba tare da an danna ba. Ganyen da ya zuba a gindin mangwaro da gwaiba ba mu ƙonewa, a nan muke barinsa ya ruɓe. Maganin ciyawa kuma ba ya zuwa kusa da rijiya, domin fatar da ke shan ruwa tana shan duk abin da ke cikinsa.

Masu sayen dashe ma ina yi musu magana in na ga fuska. Kwanakin baya wata Hajiya ta zo sayen mangwaro da lemun tsami don sabon gidanta, tana ba ni labarin za a shimfiɗa intalok ko'ina, a bar wa kowace bishiya 'yar ƙofa daidai bakin bokiti.

Na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, in aka yi haka bishiyar ba za ta yi ƙwari ba. Saiwa tana son iska da ruwa, in ta rasa kuma ita za ta ɗaga miki intalok ɗin tana nema. A bar mata fili, a riƙa tara ganyenta a gindin."

Ta ce, "Malam, ba zai tara min ƙwari da kwaɗi ba?"

Na ce, "Kwaɗin zai tara, Hajiya, su kuma su ci ƙwarin da garar. Ba sa cizo, ba sa shiga ɗaki in suna da wurin zama."

Ta yi ɗan shiru, sannan ta kira mai aikin nata a waya ta miƙo min. Na gaya masa ya bar mita ɗaya da rabi ta kowane gefe a gindin mangwaron, mita ɗaya a na lemun, kada ya zuba ɓaraguzan bulo a ramin, ya cika shi da ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ya ce zai zo da kansa ranar Asabar ya ɗauki dashen, in ƙara nuna masa zurfin da zai haƙa.